Dusar da Na Ba Masu Ciki

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina da shekara ashirin da 'yan kai, na samu gurbin karatu kyauta a wata makarantar koyon aikin gona da ke gefen birnin Guangzhou. Kiwon dabbobi na je karantawa. A raina shanu nake hangowa, farare, suna tafe a hankali cikin ciyawa, ni kuma ina zaune a inuwa ina rubuta musu waƙa. Haka nake a lokacin. Ko tukunya na ɗora sai ta kama, don hankalina yana can wurin gajimare.

A shekarata ta ƙarshe malamina ya kira ni ofishinsa, ya ce ya sa ni cikin aikin da zai zama jarrabawarmu ta fita, ni da wasu ɗalibai biyu. Ba shanu ba ne, aladu ne, mata masu ciki. An raba su layi biyu. Layin dama a ba su abinci su ƙoshi, layin hagu kuma a auna musu daidai abin da zai riƙe su, ba ƙari. Duk mako a ɗora su a sikeli a ga ƙibar da kowacce ta ƙara, idan sun haihu kuma a duba kitsen 'ya'yan. Abin da ake son sani shi ne ko ƙibar uwa a lokacin ciki tana bin ɗa.

Na ce masa ni Musulma ce. Ya ce ya sani, ba wanda zai sa ni ci, ba wanda zai sa ni taɓawa, rubutu kawai zan yi. Na yarda. A wasiƙun da nake aikawa gida na ci gaba da cewa kiwon dabbobi nake karantawa, na bar su da shanunsu.

Mai kula da garken wata dattijuwa ce daga ƙauye, gajera, mai faffaɗan tafin hannu. Ayi muke ce mata, kamar yadda za ka ce inna ko goggo. Ita ke auna dusa, ita ke wanke ɗakunan, ita ke tura uwar alade cikin kejin sikeli da kafaɗarta, ni kuwa ina tsaye nesa da takalmin roba da safar hannu, na toshe hanci da gefen mayafi ina jiran ta kira lamba. Takan dube ni ta girgiza kai ta ce gimbiya ta zo yawon buɗe ido. Amma ita ce ta sayi wata 'yar tukunya sabuwa ta ware mini, ba ta taɓa dafa komai a ciki ba sai shinkafa da kifi da ganye. In na zo ci sai ta nuna tukunyar ta ce, "Mei yo, mei yo," wato babu abin da nake tsoro a ciki.

Su a can barcin rana doka ne. Da an ci abincin rana sai gonar ta yi tsit, Ayi ta rataye mabuɗin sito a ƙusa ta shige ɗakinta. Ni ban iya barcin ba, sai in zauna ƙarƙashin wata bishiya da littafina. A wannan lokacin ne na layin hagu suke kuka. Ban taɓa sanin alade yana da irin wannan muryar ba. Suna cizon ƙarfen ƙofa, suna lasar kwanon da babu komai a ciki, cikinsu kuwa ya fara fitowa. Akwai wata mai yagaggen kunne da ba ta ihu kamar sauran, sai dai ta sa hanci tsakanin ƙarafa ta zuba mini ido.

Ku da kuka tashi a irin gidanmu kun san yadda abin yake. Mahaifiyata in tana suya, mai ciki ta wuce ta ƙofar gida, sai ta zuba a kwano ta aika a bi ta da shi, ko ba ta san ta ba, wai kada ƙamshin ya tsaya mata a rai. Akuyarmu ma in ta ɗauki ciki, dusarta daban ce, har da ɗan kanwa. Ban taɓa ganin an auna wa mai ciki abinci don a rage mata ba. A aji na fahimci dalilin aikin sarai, har na ci jarrabawa a kansa. Amma a ƙarƙashin bishiyar nan ba aji ne ke magana a kunnena ba.

Wata rana na sauke mabuɗin daga ƙusa. Ludayi ɗaya na ɗebo, mai dogon hannu, na miƙa wa mai yagaggen kunne daga nesa. Da sauran suka ji ƙamshi suka ɗauki ihu, sai na ji tsoron kada su tashi Ayi, na bi layin duka na zuba. Washegari na sake. Har daɗi nake ji, ina ganin kaina wata mai tausayi da ba a yi irinta ba. Na ma rubuta 'yan baitoci a kan yunwar uwa, Allah ya rufa asiri sun ɓace.

Kamar mako uku da farawa Ayi ta fito da wuri ta same ni da ludayi a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓe ludayin, ta kakkaɓe shi, ta ce, "Ni ma ina jin su, yarinya. Shi ya sa nake shiga ɗaki in rufe ƙofa." Ta ce kada in ƙara, domin ita za a tambaya, kuma tun daga ranar mabuɗin ya koma aljihunta. Na yi kwana huɗu ban yi ba. A na biyar na gano allon bayan sito yana ɗaguwa, hannu yana isa bakin buhu.

Ni ce mai rubuta lambobin, don haka ni na fara ganin na hagu suna kamo na dama. Duk mako tazarar tana raguwa, ni kuma ina ce wa kaina wataƙila sikelin ne ya gaji. Malamina ya ga takardun ya yamutsa fuska, ya sa aka gyara sikelin, aka ci gaba. Cikin alade wata uku ne da mako uku da 'yan kwanaki. Suka haihu, aka auna 'ya'yan, aka jira har yaye, aka ɗora musu 'yar na'urar da ke nuna kaurin kitse a gadon baya. Babu abin da za a iya faɗa, domin babu sauran layi biyu. Iyayen duk kusan ƙiba ɗaya suka yi. Aikin kusan shekara guda ya tashi a banza, kuma da aka duba sito aka ga dusa ta tafi fiye da yadda ya kamata. Malamina ya ce ranar Litinin zai zauna da duk wanda ke shiga garken.

A ƙarshen makon nan kawuna yana gari. Ɗan kasuwa ne, yakan zo daga Kano sau biyu a shekara, ni kuma in raka shi kasuwannin unguwar Liwan in yi masa tafinta. Bayan mun gama da wani mai shagon mayafai da kawu ke ta kira laoban, wato mai gida, yana dariya, muka zauna a wani gidan abinci na Musulmi, na kwashe komai na faɗa masa. Ina tsammanin zai ce in je in faɗi gaskiya. Ya ajiye cokali.

"Aladu? Da hannunki?"

"Da ludayi, Kawu."

"To madalla da ludayi. Saurara, 'yar nan. In suka kore ki, takarda za su rubuta, kuma a takardar za su faɗi dalili. Mutanenmu nawa ne a garin nan? Kafin ki sauka a jirgi labarin ya riga ki isa Kantin Kwari. Me zan ce wa uwarki?"

Na ce to dattijuwar fa. Ya ce ita ƙasarta ce, ta san yadda za ta yi da mutanenta, ni kuwa baƙuwa ce. Ya ce in yi istigfari in kama bakina. Ba na ɗora masa laifi. Abin da nake son ji ya faɗa mini, shi ya sa ma na kai masa maganar.

Ranar Litinin muka tsaya a gaban sito, malamina da ɗaliban nan biyu da Ayi da ni. Ya tambayi kowa, ya zo kaina a ƙarshe, a tausashe, kamar mai cika ƙa'ida. Na ce ni rubutu kawai nake yi, ai kowa ya san ba na matsawa kusa da su. Ya gyaɗa kai, ya juya wurin Ayi ya tambaye ta wa ke riƙe da mabuɗi. Ta ce ita. Ya tambaya wa ke auna abinci. Ta ce ita. Sai ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa yaro ana jiran ya ƙarasa karatun da ya iya. Ni kuwa na ga wani kwaro yana hawa takalmina, na bi shi da ido har aka tashi.

Kwana biyu bayan haka ɗakinta ya zama fayau. An sake aikin da sabon mai kula, muka ƙara wata takwas mu uku, ɗaliban nan suna zagin tsohuwa 'yar ƙauye da ba ta iya awo ba, ina zaune ina ji.

Sai da takardar shaidata ta shiga hannuna, na tabbata babu mai karɓe ta, sannan jarumtata ta motsa. Na je ofishin malamina na ce ni ce na ba su dusar. Bai ko ɗago da sauri ba. Ya ce ya sani tun ranar, domin Ayi ta shekara goma sha tana awo ba ta taɓa kuskure ba, kuma ya ga allon bayan sito. Na ce to me ya sa ya sallame ta. Ya ce korar ɗalibar waje sai an rubuta wa ofisoshi da yawa, an amsa tambayoyi da yawa, ita kuwa ma'aikaciyar wucin gadi ce, magana ɗaya ta isa. Ya ce ya tambaye ni a gaban kowa, kuma na ba shi amsa.

Na roƙe shi ya faɗa mini inda take. Ya ce wani ƙauye ne can arewacin lardin, bai riƙe sunansa ba. Ya jawo takarda ya ce in faɗi cikakken sunanta, zai sa a duba. Na buɗe baki, sai na tarar ban san shi ba. Wata tara tana dafa mini abinci, ban taɓa tambaya ba.

Mutane sukan ce mini ina da taushin zuciya, nakan yi murmushi in ƙyale su. Na san iyakar taushin nan, na auna shi da kaina. Ya kai in ji kukan dabba mai ciki in kasa zama, domin wannan ba ya cin mini komai sai dusar da ba tawa ba. Bai kai in buɗe baki saboda mace mai rai da ke tsaye taku biyu daga inda nake ba. Yau na haura shekarun da take da su a lokacin, kuma har yanzu in na zo yi mata addu'a, Ayi kawai nake iya cewa, sunan da ake kiran kowace dattijuwa da shi a ƙasarsu.