Tagwayen Sifikokin Malam Inuwa

Duk wanda ya san Malam Inuwa na Gyaɗi-Gyaɗi ya san ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya ƙwanƙwasa wani abu. Tebur ne, benci ne, kabad ne, kome aka yi da katako, sai ya lanƙwasa yatsansa na tsakiya ya buga sau biyu, ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci. Ranar da na nuna masa sabon kabad ɗin littattafai da na sa aka yi mini bayan na bar aikin makaranta, bai ce Allah ya sanya alheri ba. Ya buga, ya saurara, ya ce, "Hedimasta, katakon nan mura yake yi." Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, ban taɓa mallakar katakon da ya sami lafiya a wurinsa ba.

Ku da kuka zauna da shi a majalisarmu ta 'yan fansho kun san cewa tun da ya ajiye aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, ba shi da abin yi sai tsofaffin sifikoki: ya saya, ya gyara, ya sayar, ya nemo wadda ta fi. Kun kuma san sayen sifika a hannunsa ya fi neman aure wuya. A gabana wani saurayi ya zo daga Darmanawa, ya nuna wata ya ce, "Baba, in na ƙure wannan, za a ji a bakin titi?"

"Me mutanen bakin titi suka yi maka?"

"A'a, wurin biki nake so in riƙa kai ta."

"Tashi, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ba na sayarwa yau."

"Gobe fa?"

"Kai dai, duk ranar da ka zo, yau ce."

Abin da ba ku sani ba shi ne yadda wannan sha'awa tasa ta raba ni da kwanciyar hankali shekara uku cur. Shi nake so in bayyana, tun da sauran lokaci.

A cikin dukan sifikokin da suka ratsa hannunsa, biyu ne kaɗai bai taɓa sa wa farashi ba. Manya ne, na katako mai duhu, kowace ta kai ƙugun mutum, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun muna samari. Ya raɗa musu suna Hassana da Usaina. Asalinsu na wani tsohon likita ne a Tarauni. Da ya rasu aka zo rabon gado, sai masu rabo suka ga abu biyu iri ɗaya, ga 'ya'ya maza biyu, suka ba kowa ɗaya. Inuwa ya sayi Hassana a hannun babban. Ƙaramin kuwa direba ne, ya riga ya sayar da tasa, bai ma tuna wa ya sayar wa ba.

Shekara goma sha ɗaya Inuwa bai kunna Hassana ba. Ya lulluɓe ta da farin zane a kusurwar ɗaki, kamar mai takaba. In na ce, "Haba Inuwa, ko sau ɗaya mu ji muryarta," sai ya ce, "Kana so in sa ta ta yi magana babu mai amsa mata?" Ya yanki kara daidai tsawonta, yana yawo da shi wurin 'yan gwanjo da masu gyaran rediyo, yana auna duk akwatin da ya gani.

A Ƙauyen Alu muka sami ɗayar, muna dawowa daga ta'aziyya da hantsi. Wani mai shayi ne ya kwantar da ita a gefen teburinsa, yana yanka burodi a kanta. Na riƙe hannun Inuwa na ce masa a hankali, "Kada ka nuna kana so. Bar ni in yi magana." Ban rufe baki ba ya ƙwalla, "Usaina!" har wani mai shan shayi ya ƙware.

Mai shayin ya ce, "Baba, lafiya?"

"Ɗauke wuƙar nan! Don Allah ɗauke wuƙar nan!"

Mutumin ya ce shi ba ya sayarwa, domin tsayinta ya yi daidai da hannunsa, amma in za a kawo masa tebur mai wannan tsayi, a ɗauka. Magana ta ƙare, ko ba haka ba? Ina! Kafinta ya yi tebur, Inuwa ya ƙwanƙwasa ya ce ba zai ba bawan Allah katako mai ƙarya ba. Aka yi na biyu, ya ƙi. Mako uku yana zuwa kullum ya tsaya yana kallon man gyaɗa yana ɗiga a kan Usaina, yana salati, shi ne kuma ya hana a kai teburin. Sai da mai shayin da kansa ya ce, "Baba, don girman Allah kawo mai ƙaryar, burodi zan yanka."

Wata biyar ya yi yana jinyarta: ya kankare maiƙon, ya sake soson da ke kewaye da bakinta wanda ya ruɓe, ya liƙe wayoyin ciki da dalma. Ranar da ya kunna su tare ya aiko aka kira ni. Ya ɗora faifan garaya, ya zaunar da ni a tsakiyarsu. "Ka ji? Ga mai garayar nan a gabanka, a zaune. Masu amshi suna hagunsa." Na ce na ji. Kuma na ji wani abu, ba zan ɓoye ba, ko da yake ban iya rantsewa cewa a zaune mutumin yake ba.

Daɗin bai daɗe ba. Wata ranar Sallah ana cin abinci, babban ɗansa Sani ya ce cikin raha, "Baba, bayan rai mai tsawo, ni ta dama nake so, Salisu ya ɗauki ta hagu." Kowa ya yi dariya. Inuwa ya ajiye cokali. Tun daga ranar ya rame. Shi ma 'ya'yansa maza biyu ne, kuma ya ga abin da aka yi wa likita.

Ya ja ni muka je wurin limamin unguwa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutum zai iya rubuta cewa kada a raba wani abu nasa bayan ransa?"

"Bayan ranka ba naka ba ne, na magada ne."

"In na yi wasiyya da su ga wani na waje fa?"

"Ya halatta, muddin ba su wuce sulusin abin da ka bari ba."

"Sun wuce."

"Malam Inuwa, kana da gida fa."

"Na san ina da gida. Sun wuce."

Liman ya yi murmushi ya ce to, hanya ɗaya ta rage: ya bayar da su kyauta tun yana da lafiya, kuma lalle su bar hannunsa, domin kyautar da ta zauna a ɗakin mai bayarwa har ya mutu, gado ce. Sai Inuwa ya juyo ya dube ni. Wallahi nan take na gane ni zai ba wa.

Na kawo uzuri iri-iri. Na ce ni mutumin littafi ne, rediyona ƙarama ta ishe ni. Ya ce, "Shi ya sa. Ba za ka ƙure su ba."

Aka kira a-daidaita-sahu. Na ce a kira biyu, ya ce ba za su rabu ba ko a kan titi. Aka naɗe su da barguna aka cusa a guda ɗaya, shi kuma ya dafa ƙarfen yana tafiya a ƙasa, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har gidana a Tarauni, motoci suna ta yi mana ham. Direban, baƙo ne a gari, ya leƙo ya ce, "Baba, mara lafiya ne a ciki?"

"Da mara lafiya ne da na bar ka ka yi gudu."

Da muka isa, ya kawar da kabad ɗina daga inda yake, ya auna ɗakin da zare, ya zana wa kowace sifika gurbinta da alli, ya jawo kujerata, wadda aka ba ni ranar bankwana da makaranta, ya kafa ta a tsakiya. Washegari bayan La'asar ya yi sallama, ya wuce ya zauna a kanta. Haka jibi. Haka kullum, shekara uku, ni ina gefe a kan tabarma a cikin ɗakina. Uwargidana ta ce, "Malam, kyauta aka ba ka, ko sabon maigida aka kawo mana?"

Dokokinsa kuwa ba su ƙirguwa. Kada a yayyafa ruwa in za a yi shara. Kada rana ta taɓa su. In an kawo wuta, a jira a ga yadda ƙwan fitila yake kafin a kunna. Wata rana na gaji, na miƙe tsaye na ce, "Inuwa, ina so in fahimta. Sifikokin nan nawa ne ko naka?"

"Naka ne mana, Liman shaida. Kada ka taɓa."

Kuna dariya, amma ni ban yi ba. Ni da na riƙe makaranta mai ɗaruruwan yara ban taɓa rasa natsuwa ba, sai ga ni ina tsoron ɓera. Ina duba gindin bango saboda gara. In hadari ya haɗo ina wurin ɗaurin aure, sai in sulale in nufi gida, ina tuna wani wuri a rufin da ya taɓa yoyo. Jikokina suka daina shiga ɗakin, suna ce masa asibiti.

A watanninsa na ƙarshe ƙafa ta gaza, sai autarsa Hajara, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, ta riƙa kawo shi in ta tashi daga aiki. Takan zauna a bakin ƙofa da farin kayanta, ba ta cewa kome har a gama faifai. Ran nan ba su zo ba. Da safe aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Inuwa cikawa.

'Ya'yansa maza sun yi halin girma, ba wanda ya ɗaga maganar sifika. Sani ma kuka ya yi, ya ce shi wasa yake yi a ranar Sallar nan. Na ɗauka an gama. Sai ga nawa ɗan, mai shago, ya leƙo ɗakin ya ce, "Baba, biyu ai sun yi maka yawa. Ɗaya za ta yi mini amfani a shago." Na dube shi, na lissafa: shekarata saba'in da tara, hawan jini ya kama ni, 'ya'yana bakwai. Ashe Inuwa bai warware matsalar ba, gidana ya kawo ta ya ajiye. Na daina jin daɗin abinci. Ko ɗan jiri na ji, sai in ga masu rabo tsaye a ɗakin suna cewa, wannan ta wane, wannan ta wane.

Bayan kwana arba'in Hajara ta zo gaishe mu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, in ba damuwa, ina so in ji su." Na ɗora faifan. A makon nan wayar ɗaya ta fita wurin shara, na mayar da hannuna, ban faɗa wa kowa ba. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗago kai.

"Baba, wa ya taɓa wayar Usaina?"

Na yi gyaran murya na ce mai yiwuwa iska ce.

"An juya ta. Mai garayar ya ɓace daga tsakiya." Ta zagaya baya, ta mayar da ja wurin ja, baƙi wurin baƙi, ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Na ce, "'Yata, wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Baba. Zama ne kawai."

"To me ya hana mahaifinki ya ba ki su?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce ba zai fifita ɗaya a cikinmu ba, ko yana raye ko ba ya raye."

Shi uba ne, wannan ya ɗaure shi. Ni kuwa ba abin da ya ɗaure ni, kayana ne, in ba wanda na ga dama. Ko ya hango haka tun farko, ko bai hango ba, Allah ne masani. Bai taɓa faɗa mini ba. Na aika aka kira maƙwabta biyu, na tsaya a gabansu na ce, "Ku shaida, na ba Hajara sifikokin nan, duka biyun, kyauta."

Ta fara hawaye ta ce, "Baba, ɗakina ƙarami ne. Bari in gyara wuri, in zo mako mai zuwa."

"Wa ya ba ki tabbacin makona? Yau za su bar gidan nan, kafin Magariba."

Aka kira a-daidaita-sahu ɗaya aka ɗora su. Sai da na ga sun sha kwana, tare, sannan na ji numfashina ya sauka har ciki. Kafin ta tafi na tambaye ta, "'Ya'yanki nawa yanzu?" Ta ce biyu. Na ce, "To, ki fara tunani tun yau."

Na sami sauƙi, gaskiya ne, har cin abincina ya dawo. Amma La'asar tana yi mini tsawo yanzu, babu mai sallama ya wuce ni ya hana ni taɓa kayana. Allah ya jiƙan Inuwa, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Mutum ne da bai iya ganin an raba abin da aka yi domin ya zauna tare ba. Ya Ubangiji, ka sada shi da waɗanda yake ƙauna a gidan da ba a rabuwa, mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.