Shafukan da Na Tsallake

A gidanmu na unguwar Malaz, kowace Juma'a bayan an ci abincin rana, sai mu baje a kan darduma a yi karatu. Ni ke riƙe littafi ina juya shi da Hausa, don yaran nan da suka tashi a Riyad Larabci ya fi zama a bakinsu. Ina alfahari da wannan aiki ba kaɗan ba.

Wata shekara maigidan ya dawo daga tafiyar aiki da wani littafi a ƙasan akwati, na labaran mutane iri-iri: yaron da ke son ƙunshi, wanda aka haifa mata-maza, yarinyar da mata biyu suka yi rainonta a matsayin iyayenta. Na naɗe bangonsa da takardar kalanda saboda baƙi. Da na zo karantawa kuma sai na riƙa yi masa kwaskwarima. Matan nan biyu na mai da su ya da ƙanwa. Yaron ƙunshi na ce wa ƙanwarsa yake yi. Inda abin ya fi ƙarfina, in haɗa shafi biyu in wuce.

Babbar 'yata, mai shekara goma sha huɗu, wadda ba ta da magana sai ta ƙwallo kuma kullum muna faɗa kan kitso, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ran nan mura ta shaƙe mini murya, babansu ya karɓa. Mutumin da ko tatsuniya bai iya ba! Yana in'ina, yana neman kalma, amma abin da ke rubuce shi ya faɗa. Sai ga babbar 'yar tawa ta matso har gwiwarta na taɓa tasa, tana ta jero tambayoyi. Da la'asar suka fita a mota sayen shawarma su biyu, ba su dawo ba sai bayan magariba, idanunsu duka jawur.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni na yi naƙudarta, ni ke kwana a kanta in ba ta da lafiya, amma abin da ke cikinta sai ta kai wa mai in'ina. Na tambaye shi, ya ce amana ce. Kwana uku miyata ba ta ga gishiri daidai ba.

A kicin na tsare yarinyar, na ce me na yi mata.

"Umma, ai na riga na karanta littafin ni kaɗai," in ji ta. "Na ga kina gyara mutanen ciki kafin ki ba mu su. Sai na ji tsoro kar ni ma ki gyara ni."

Juma'ar da ta biyo na karanta komai, ban tsallake ko layi ba. Ta saurara har ƙarshe, tana jingine da kafaɗar babanta. Har yau ban san abin da ta faɗa masa a motar nan ba.