Dangwalen man ƙosai a kan jan ƙarfe

Har na daina aiki ban manta da wata Laraba a farkon damina ba, ina shekara ta huɗu a maƙerar Malam Sabo da ke Rano. A lokacin ni ne mataimakinsa a ɓangaren wuta, kuma ina ji da kaina, don na yi makarantar koyon sana'a a Kano, shi kuwa gado ya yi.

Da hantsi Malam Buba ya iso daga wajen Kibiya. Bafulatani ne da ya zauna ya kama noma. Sandar ƙarfen da tayar garmar shanunsa ke juyawa a kai ce yashi ya cinye har ta karye. An yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙa, in bai yi huɗa cikin kwana biyu ba danshin ya tafi.

Ku yaran maƙera, bari in yi wa sababbinku bayanin aikin. Tsakiyar sandar muke so ta yi tauri, don ita ke gogayya. Bakunan biyu, inda ake ɗaura noti, ba a so su yi tauri, in sun yi sai su tsinke kamar rake. Saboda haka ake wanke su tas, a tsoma su a ruwan magani mai shuɗi, a haɗa da batir, jan ƙarfe ya lulluɓe su. Sannan a binne sandar a akwatin ƙarfe cikin garin gawayi da ƙonannen ƙashi, a liƙe da laka, a ba ta wuta, a tsoma a mai. Inda jan ƙarfe ya rufe, taurin ba ya shiga, tsatsa ma ba ta saurin kamawa.

Na yanko sabuwar sanda na wanke ta, sai ga Iya mai ƙosai a bakin ƙofa. Ni da ƙosai ba ma haɗa ido mu wuce. Na ci guda biyar, na goge hannu a wando, na ɗauki sandar na tsoma.

Da ta fito, Malam Sabo ya ɗaga ta a rana yana jujjuyawa. Ko'ina a bakunan ya yi ja gwanin kyau, sai wuri ɗaya: ga zanen babban yatsa raɗau, ƙarfen tsirara. Jan ƙarfe ba ya kama maiƙo.

"To, wa ya yi mana dangwale, ba a fara zaɓe ba?" in ji shi.

Kunya ta rufe ni. Na ce ni ne, amma na ƙara da cewa wurin bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a bar shi haka tunda mutumin sauri yake. Malam bai yi faɗa ba. Ya sa na yanko wata sandar na faro daga farko, ya ce kuma a sa duka biyun a akwati ɗaya. Ya gaya wa Malam Buba gaskiyar abin da ya faru, ya ce ya koma gida, za a kai masa.

Bayan la'asar muka fito da su. Malam ya matse tawa ta farko a matsi, ya ɗaura noti, ya miƙo mini guduma. Bugu biyu na yi, bakin ya ɓalle daidai kan yatsana. Ɗayar kuwa na buga har na gaji, lanƙwasa kaɗan kawai ta yi. Raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Da a tsakiyar gona ta karye, noman mutum na shekara ne na taɓa.

Ni na miƙar da ita, na hau babur na kai ta Kibiya, na ɗaura da hannuna. Na fara ba da haƙuri, Malam Buba ya yi dariya.

"Malam Isa, mu ma haka ne. Inna wuro, wato uwargidana, ba ta tatsa sai ta wanke hannu da ƙwarya, in ba haka ba nonon ya lalace. Ashe ƙarfe ma yana da ƙyanƙyami."

Washegari ya yi huɗarsa. Da kaka ya aiko mini da damin gero, ya ce a kai wa Mai Dangwale, sunan kuma ya bi ni har yau, jikokina ma sun sani.

Na ji daɗin sana'ar nan, na ci na sha a cikinta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wuta da batir da magani duk suna yin nasu, aikin yakan lalace ne a ɗan wurin da ka raina. Guntun sandar na nan a aljihun teburina. Wanda ya ga na matsa masa da wanke hannu da sabulu da safe, ya zo ya gani, yatsan nawa ne.