Kilishin Kaka da Na Rufe da Danshi

Kwana biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ina zaune a saman benenmu na unguwar Ruwais a Jidda da guntun icen tsintsiya a hannu ina korar hankaki. Igiyoyi huɗu ne a ɗaure daga tankin ruwa zuwa ƙarfen dish, kowacce cike da nama sirara, rana tana ratsa shi har ka ga jansa. Kakata ce ta yanka shi, mahaifiyar babana, wadda duk unguwa ke ce wa Hajiya Kaka. Tun asuba ta hau benen tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, ta shanya, sannan ta sauka ta bar mini gadi. "Maigida, ka kwashe kafin la'asar," in ji ta, don haka take kirana cikin wasan kaka da jika. "In iskar teku ta taso, halas, an gama."

Wannan nama ba namu ba ne. Kaka ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, in ta fita ƙasar kuwa ba dawowa. Can ƙauyensu a ƙasar Katsina ta bar ƙanwarta guda, Inna Laure. Duk shekara in gidaje bakwai na layinmu suka yanka san layya, Kaka takan ware cinyar da ta faɗo a rabonmu ta yi kilishi, ta ba wani alhajin garinsu ya kai mata. Dabino da zamzam kowa na aikawa. Ita abin da take so shi ne Laure ta sa wa bakinta abin da hannun yayarta ya taɓa. Kuma yin kilishi a Jidda ba wasa ba ne, don garin danshi gare shi, da yamma har bango gumi yake. Sai an shanya da safe an kwashe da wuri, washegari a tsoma cikin labu na ƙuli-ƙuli da citta da masoro, a sake shanyawa, a nuna masa wuta. Alhajin wannan shekarar saura kwana uku jirginsu ya tashi.

To a daidai lokacin ne haukar bekon ta kama yaran Jidda. Naman shanu ne da ake yankawa falle-falle, a yi masa gishiri da hayaƙi, a soya. An ce a ƙasar Turawa na alade ne, shi ya sa ranar da Kaka ta fara jin labarinsa sai da ta yi a'uziyya sau uku. Amma mu ina ruwanmu! A cikin baga bekon, a kan ƙwai bekon, har dankalin leda an yi mai ɗanɗanonsa. A makarantar unguwarmu in an tashi tara, ana gama ƙwallo a bayan masallaci sai hira ta koma kansa, wanda ya ci yana hura hanci, wanda bai ci ba yana ƙaryar ya ci. Ni ma na sha yin ƙaryar, har wata rana aka tambaye ni launinsa na ce fari. Dariyar da aka yi mini ta fi mako tana cina.

Ana cikin haka, ranar da nake gadin nan bayan azahar, sai na ji fito daga ƙasa. Usama ne, abokina, ɗan Hausawan Sudan da ke maƙwabtaka da mu. Yayansa direba ne a unguwar Abhur ta bakin teku, ya zo da motar kafilinsa, wato ubangidansa, zai kai su cin baga mai bekon, akwai wurin mutum ɗaya. "Yalla, yanzu za mu dawo!" Na dubi nama, na dubi rana, na ce ai da sauran lokaci. Na rataya tsohuwar rigata a jikin icen don hankaki su zaci mutum ne, na sulale ta bayan ɗakin Kaka tana gyangyaɗi.

Na ci bekon ɗin. Gishiri ne da ƙaurin hayaƙi da maiƙo, wallahi ko rabin kilishin Kaka bai kai ba, amma na lumshe ido na ce ban taɓa cin irinsa ba. Daga nan yayan Usama ya ce sai mun sha iska a bakin teku, ga cunkoson Sallah. Ana kiran magariba na hau bene da gudu. Hankaki ba su taɓa komai ba, sai dai naman ya yi laushi, yana manne wa yatsa. Da ina da hankali da na sauka na faɗa, Kaka ta san yadda za ta cece shi da wuta. Tsoro ya hana. Na tattara shi a babbar roba, na danne murfi gam don kada a gani, na tura ƙarƙashin matakala. Da ta tambaye ni ko na kwashe kafin la'asar, na ce na kwashe. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka.

Da safe ta dama labunta, gida duk ya ɗauki ƙanshin citta, ta ce in ɗauko robar. Tana buɗewa wari ya buge mu. Ta daɗe tana ɗaga naman ɗaya bayan ɗaya tana kai shi kusa da idonta. Ni ina tsaye ina jiran mari, kai, addu'a nake ta mare ni. Ko kallona ba ta yi ba. "Na yanka da kauri," ta ce a hankali. "Idona ya tafi, hannuna ya tsufa." Babana ya yi ta ba ta baki.

Dabino da zamzam alhajin ya tafi da su. Da saƙon ya isa Inna Laure ta bugo waya, ina jin muryarta tana tsokana, wai ko yaya ta cinye rabonta ne. Kaka ta yi dariya ta ce tsufa ne ya zo, ta yafe ta. Ranar ta naɗe wuƙar yankanta a tsumma ta sa a ƙasan akwati. Shekara ta zagayo aka kawo cinya, ta ce a dafa kawai. Ta ƙara shekara uku a duniya ba ta sake hawa benen ba, ni kuma kullum ina cewa gobe zan faɗa mata.

Yanzu ni mai girki ne a wani gidan abinci a Abhur, kuma abin da aka fi nema a wurinmu bekon ne. Kowace safiya nakan shimfiɗa shi a kan ƙarfen suya, inji ya yanka shi daidai wa daida, samari suna ɗaukarsa hoto kafin su ci. Benen Ruwais babu mai shanya komai a kansa sai wanki. Wuƙar tana wurina a cikin tsummanta, na gwada yankan sau da yawa, ban taɓa fitar da falle mai sirantar nata ba. Hannunki bai tsufa ba, Kaka, ni ne ban dawo kafin la'asar ba.