Ajin da Ibu Marwia ta buɗe a ƙarƙashin makaranta

Kullum da safe za ka hango Ibu Marwia, wato Malama Marwia, tana tuƙo ƙaramin kwalekwalenta tsakanin gidajenmu da ke tsaye kan turaku a cikin teku. Fuskarta shafe da farin ƙullun shinkafa saboda rana, ƙunshin rogo da gasasshen kifi a gabanta. Ta ɗaure jirgin a gindin tsani ta hau makaranta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na ji an ce babu wani biki da za a yi mata. To su riƙe bikinsu. Ajina yana jikin nata shekara da shekaru, zan faɗi abin da idona ya gani.

Duk sabon malamin da aka turo mana daga birni kukansa ɗaya ne, wai yaran ƙabilarmu ta Bajo ba sa ji. Ibu Marwia ba ta gardama da su, tambaya kawai take yi: "Wane rashin jin? Na taurin kai ko na kunne?" Yaranmu tun suna ƙanana suke nutso da iyayensu, da yawa zurfin ruwa ya taɓa musu dodon kunne. Malami ya ba aji baya yana rubutu a allo yana ta zuba, rabin yaran ko bakinsa ba su gani ba balle su san me ya ce. Ita ke koya wa malamai su fuskanci yara in za su yi magana, su san kunnen kowa mai lafiya kafin su ba shi wurin zama. Masu taurin kan gaske kuwa ba ta raga musu ko kaɗan.

Shekarar da aka kawo Pak Darwis, wato Malam Darwis, wani saurayi daga birnin Kendari, manyan baƙi suka zo duba makaranta. Daga bayan aji Pak Darwis ya yi ta kiran wani yaro mai suna Jumardin, yaro ko waiwaye. Shugaban makaranta ya ji kunya a gaban baƙi, ya ce a kori yaron. Uban yaron ko a jikinsa, dama mataimaki yake nema a jirgi. Kowa ya san in Jumardin ya koma teku, shi da karatu har abada.

"Pak, kunnensa na dama a mace yake," Ibu Marwia ta ce wa shugaba. "Bai ji kiran ba ne."

"Ibu, na gama magana. Kar na sake ganin ƙafarsa a kan katakon makarantar nan."

"A kan katako ka ce ko? To shi ke nan."

Washegari da aka fita cin abinci ta sauka tsani. Ga kwalekwalenta a ƙarƙashin makaranta, ga Jumardin zaune a ciki da littafi a cinya. Shugaba ya leƙo ta tsagar katako. "Ibu, mene ne haka kuma?"

"Ikonka a sama yake, Pak. Ruwan nan na Allah ne."

Ibu Marwia, ke ce kika zauna cikin zafi da ƙarnin laka kwana da kwanaki, kina cin rogonki da hannu ɗaya kina nuna wa Jumardin haruffa da ɗayan. Wasunmu sun yi miki dariya, wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ki. Ko kallo ba su ishe ki ba, jaruma uwar marasa gata.

Wata rana sai ga Pak Darwis yana saukowa da takalminsa mai ƙyalli, saura kaɗan ya faɗa ruwa.

"Ibu, ni na jawo masa wannan. Ya zan yi?"

"Ɗana, cire takalmin tukuna kar ka kife da mu. Zauna gabansa, ta hagu. Ban da ihu, bar shi ya ga bakinka."

Pak Darwis ya yi masa tambayar lissafi a hankali. Jumardin ya amsa daidai, sannan ya ƙura masa ido ya ce, "Ashe Pak haka muryarka take?"

Ina tsaye a kan tsani na ga idon malamin ya cika da ƙwalla. Daga nan ofishin shugaba ya nufa, ƙafa ba takalmi. "Pak, ko dai Jumardin ya hau, ko ajina ya sauka." Shugaba ya ɗauka barazana ce. Da gari ya waye sai ga ajin duka a ƙarƙashin makaranta cikin jiragen iyayensu, suna karanta darasi da ƙarfi har katako na amsawa. Ba a kai azahar ba ya leƙo ya ce, "Ku hau, dukanku." Jumardin aka fara ba hanya, kuma bai sake barin ajin ba sai da ya kammala.

Ibu Marwia, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Ku kuma 'yan'uwana malamai, akwai yaron da ya fi ba kowannenku haushi, kun san shi. Gobe ku zagaya ku zauna a gabansa, ku bari ya ga fuskarku kafin ku yanke masa hukunci.