Ƙahon da Gwaggo Ta Yi Bayan Cirar Gyaɗa

Mun tashi da asuba, ni da yayana, tun ladan bai sauke murya ba. Wayar da ta tashe mu gajeriya ce: Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta yi ƙaho jiya da la'asar, kuma har yanzu jinin bai tsaya ba. Ta daɗe tana shan maganin tsinka jini, tun da likita ya ce bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai, jini na iya yi mata guda.

A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda tsadar mai. Wata dattijuwa ta tambaye shi ko man shanu yake zuba wa motar. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma tawa ba ta wuce leɓe ba. Mun ratsa Ungogo, inda gidajen bulo suka tsaya a wuraren da na sani da dawa ina ƙarama. Can gaba gonaki suka buɗe. An ɗaure gero dami-dami, dawa ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar suruki, gyaɗa kuwa an baza ta tana shan hantsi. A Minjibir yayana ya saya mini ƙosai mai zafi. Yana hannuna har ya huce. Daga nan acaɓa ne ya bi da mu ta burtali zuwa ƙauyen su Gwaggo.

A zaure muka tarar da wanzamin, tsohon da ya yi wa duk 'ya'yan gidan askin suna. Zabirarsa na gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce duk kaka, in an gama cirar gyaɗa bayan Gwaggo ya yi nauyi, shi yake yi mata ƙaho, tun tana amarya. Bai taɓa ganin jini mai gudu kamar ruwan rijiya ba sai jiya. Ba wanda ya gaya masa tana shan wani magani.

Gwaggo na kwance rubda ciki, an danne mata baya da zane. Tafin hannunta ya yi fari fat. Sunan mahaifiyarta gare ni, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, kin zo? Kada ki yi mini faɗa. Likita cewa ya yi kada in sha maganin kowa, kuma wallahi ban sha ba. Ƙaho kuwa da shi muka tashi."

Gaskiyarta ce. Ta kiyaye abin da aka faɗa mata, abin da ba a faɗa ba ne ya same ta.

Motar kayan wani maƙwabci ce ta kai mu asibiti, kanta a cinyata. A hanya tana ta tambaya ko an kwashe gyaɗar kafin awaki su gano ta. Likitar da ta karɓe mu ta auna jinin, ta ce ya tsinke fiye da ƙima, don tun farkon damina Gwaggo ba ta koma gwaji ba, aikin gona ya sha kanta. Aka yi mata allura, yayana ya ba da jininsa. Jinin bayan ya tsaya, har na fara murna. Amma zuciyar ta riga ta gaji. Ana kiran la'asar ta cika.

Bayan sadakar uku muka kamo hanya. Matan gidan suka miƙo mini ƙullin gyaɗa, suka ce ita ta ware shi da hannunta, ta ce na uwarta ne. Gonakin suna nan yadda muka bar su, ni ce na kasa kallonsu.

Na dawo gida da abu ɗaya a raina. Mai shan wannan magani, bai isa a ce masa "sha kaza, bar kaza" ba. A tambaye shi yadda yake rayuwa: wa ke yi masa ƙaho, wa ke cire masa haƙori, yaushe gona za ta bar shi ya je gwaji. Wanzamin unguwa ma a gaya masa.

Ƙullin gyaɗar yana nan a ɗakina. Har yau ban kwance shi ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo.