Zanzaron Ƙarya a Lambun Mama Larai

A Kurmin Mashi ba a yi wa Mama Larai gardama a kan abin da ta gani da idonta. Ta daɗe tana dafa wa ɗalibai abinci a makarantar kwana, da ta yi ritaya sai ta koma soya awara a ƙofar gidan da take haya. Bayan ɗakinta akwai ɗan fili, wanda bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Nan ta zuba alayyafo da latas da tumatir, nan ne kuma ranta yake. Dusar waken awara da ɓawon kayan miya duk juji guda take tarawa su ruɓe su zama taki, kajinta kuwa kullum suna can suna tonon tsutsa.

Da sanyi ya shigo, wasu baƙaƙen ƙwari masu siririn ƙugu suka riƙa sauka kan ganye suna shan hantsi. Ana cikin haka wani abu ya harbi Nusaiba, autar mai gidan, Malam Tukur, fuskarta ta kumbura har ido ya rufe. Hankalin uban ya tashi, wa zai ga laifinsa? Da safe ya iso riƙe da fartanya.

"Mama, ki yi haƙuri. Zanzaro ya cika lambun nan. Yau za a nome shi, a kwashe jujin."

 Ta goge hannu da zane.

"Malam, sannu da jikin yarinya. Amma wannan ba zanzaro ba ne, ƙuda ne ya ari kayan manya."

Sanyi ya kashe wa ƙwarin jiki, don haka ba wuya ta kama ɗaya da yatsu biyu. Malam Tukur ya ja da baya har ya taka kaskon ruwan kaji.

"Matso ka gani. Fiffike biyu ne, na zanzaro huɗu. Ƙugun ma na ƙarya ne. Ka ga tabon nan biyu masu haske kamar gilashi? Su ke sa ka ga kamar ya tsuke. Tsutsar da kajina ke ci, 'ya'yansa ne."

Ta rufe shi a tafin hannu, ta tsaya tana kallon mai gidan. Ba ta ko motsa ba.

"Ai hannunki ya yi kanta, Mama," in ji shi. "Wuta ma ɗauka kike yi. Fatar yaro daban ce."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Sai ta rufe ido ɗaya, ta ɗora ƙwaron a kan fatar idon. Ya taka a hankali, ya bi gira, ya gangaro gefen hanci, yana karkaɗa 'yan ƙahoninsa. Matan gidan da suka leƙo suka ɗauki salati.

"Ni da na raini 'ya'yan mutane, zan ajiye abin da zai cuci taka?" in ji ta. "Wanda ya harbe ta yana nan wani wuri. Mu duba ƙarƙashin kwanon rufi."

 Malam Tukur ya jingine fartanyar a bango, ya naɗe hannun riga, ya miƙo mata tsintsiyar hannunsa.

"To ɗora mini, Mama. Amma a hankali."